Sau Tara Na Tura Gwaggona Zuwa Gobe

A lokacin da abin nan ya faru, ni ɗan kasuwar dabbobi ne a Daura, mai ji da kansa. Yau ina kara a Mai'adua, gobe na bi motar awaki zuwa Kano, jibi ina gona, ga hidimar masallacin unguwa da aka ɗora mini. Ƙwaƙwalwata nake taƙama da ita, don in na ga rago sau ɗaya, ko bayan wata uku zan gane shi. Shi ya sa da matata, wadda malamar firamare ce, ta miƙo mini ɗan littafi ta ce in riƙa rubuta ayyukana, dariya na yi, na ce mata ni ba ɗan ajinta ba ne.

Ina da gwaggo a wani ƙauye kusa da Baure, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata. Tun farkon damina ta aiko cewa ganinta na raguwa, na yi alkawarin kai ta asibiti. Allah ya sani ina son matar nan. Amma sai ina tsakiyar ciniki take faɗo mini a rai, in ce gobe. Ita kuwa ba ta iya ƙorafi ba, in na kira ta sai ta ce in yi harkokina, ba abin gaggawa ba ne. Haka har aka yi girbi.

Malama ba ta haƙura ba, ta cusa littafin a aljihun rigata. Ta ce kowace safiya in sa kwanan wata, in yi ɗigo gaban kowane aiki. Wanda na gama in soke shi, wanda ban yi ba in ja masa 'yar kibiya, in sake rubuta shi da hannuna a shafin gobe. Don a zauna lafiya na karɓa, sai ga shi kaina ya yi sakayau, na daina mantuwa. Safiya ta tara ina shan koko na buɗe shafukan baya. Dusa, allurar shanu, gyaran famfon masallaci, duk na soke su. Layi ɗaya ne ke ta shan kibiya: kai Gwaggo asibiti. Ashe ba mantuwa nake ba, tura ta nake yi. Kunya ta rufe ni. Malama ta leƙa shafin, ta ajiye makullin babur kusa da kofina.

Na tarar da Gwaggo tana tsintar wake da lalube. Da na yi sallama ta amsa da murna, amma katanga take kallo. Washegari a Katsina likita ya ce idon hagu ya riga ya tafi, da an zo da wuri da wataƙila an cece shi, na dama kuwa za a riƙe shi da magani. A gabansa na yi hawaye, ƙato da ni. Gwaggo ta lalubo hannuna, ta ce in bar ba ta kunya cikin mutane, ido ɗaya ma ya ishe ta ganin furfurar da na fara.

Yanzu maganin idonta ne layin farko a shafin kowane wata. In na je sai ta tambaye ni, cikin tsokana, ko yau an sa ta a littafi. Mu yi dariya, amma ni na san abin da jinkirina ya ci mata.

'Yan'uwana masu yawan hidima, kada kaifin ƙwaƙwalwa ya ruɗe ku. Mai matsa maka lamba ba ya ɓacewa, mai haƙuri da kai shi ake bari a baya. Ku nemi ɗan littafi, ku rubuta. In kuka ga sunan mutum ya sha kibiya sau uku, ku ajiye biron ku tashi.