Baban Rijiya da Tafkin Kamfani

Shekara talatin da 'yan kai yana haƙar rijiya, har aka manta sunansa na yanka, sai dai Baban Rijiya. Gajere ne kakkaura, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru. Matarsa takan tsokane shi, "Malam, kai kam ranar da aka binne ka, ba baƙon wuri ka je ba." Shi kuwa ya ce ai shi ya sa ba ya gaggawa.

Da kamfanin haƙar ma'adinai ya sauka a bayan dutse, bai ga aibu ba. Mijin 'yarsa ya samu tuƙin tifa a can, an kuma shimfiɗa titi. Sai dai kullum da azahar nakiya ta tashi, kwanuka su yi ta rawa, bangon ɗaki ya tsattsage kamar diddigen manomi.

A shekara ta uku ya haƙa wa wata mai saƙa rijiya. Gaba goma sha biyu ya tarar da ruwa garau. Ya kurɓa, kamar yadda ya saba kafin kowa ya zura guga, sai ya tofar. Kai ka ce tsohuwar ƙusa ya tsotsa.

"Lafiya, Baba?" in ji matar daga sama.

"Kada ki sha tukuna."

Kwana huɗu yana bin tsofaffin rijiyoyinsa. Duk waɗanda ke wajen dutse haka suke. A hanya ya ji labarin awaki na ta ɓari, fadama kuma tsit, ba kukan kwaɗo ko ɗaya.

Ya cika kwalba ya kai ofishin kamfani. Ɗaki ne mai sanyi kamar randa. Wani jami'i ya tarbe shi da fara'a, ya nuna masa takarda mai hatimi.

"Baba, mu da na'ura muke gwaji, ba da harshe ba. Ruwanku ƙalau yake."

"To, bismilla, kurɓi."

Jami'in ya sa bakin biro ya ture kwalbar gefe.

Bayan sati tankar kamfani ta fara raba ruwa kyauta, aka kuma aiko masa da tayin aiki: ya rufe rijiyoyin da siminti, wai kada yara su faɗa. Ya ce hannun da ya buɗe ba zai toshe ba. Aka ɗauko wasu daga nesa suka yi.

Ran nan surukinsa ya zo da hantsi, ya durƙusa a zaure, ya kasa haɗa ido da shi.

"Baba, ka rufa mini asiri, kada a ji daga bakina. Akwai tafkin da muke juye laka mai guba, yana sama da gari. Bangonsa ya fara jiƙewa daga ƙasa."

"Sun sani?"

"Sun ce kada mu riƙa ajiye mota a gindinsa."

Baban Rijiya ya tuna 'yarsa na da ciki wata bakwai. Washegari ya sa ta a mota zuwa wajen gwaggonta a wani gari. Ya gaya wa masu gari, suka ce za a zauna a duba. Matarsa kuwa ta ce ba inda za ta, sai in tare.

Tun daga nan kowace safiya yakan zagaya ta bayan shingen wayar kamfani ya dubi bangon tafkin. Ya kafa turke daidai inda danshin ya tsaya. Ranar da aka yi ruwan farko, ya tarar danshin ya wuce turken da taku uku, ga hadari yana sake haɗuwa a gabas.