Mangwaron Shataletale

Yayana mai kula da shuke-shuken shataletale ne, wancan na kan hanyar filin jirgi. Tun yana saurayi hukumar gari ta ɗauke shi aiki, a wurin ya yi furfura. 'Yan tasi Baba Mai Bokiti suke ce masa. Ni kuwa rumfata ta lemo da biskit tana tsallaken titi, don haka abin da zan faɗa a kan idona ya faru.

Ƙasarmu ƙarama ce, maƙwabciyarmu kuwa ƙatuwa, daga can wutar lantarkinmu da man fetur suke zuwa. Shekarun baya shugabansu ya kawo ziyara, aka miƙa masa ɗan dashen mangwaro ya dasa a tsakiyar shataletalen, wai bishiyar abota. Bawan Allahn nan da ledarsa ya cusa shi a rami, ya yi wa masu hoto murmushi, ya kaɗe hannu ya shige mota. Ba a jima ba dashen ya bushe ƙarau. Yaya ya tsige shi, ya kawo wanda marigayiya innarmu ta raina a tsohon gwangwani, ya dasa a gurbinsa. Kowa ya san haka, har manyansa a ofis. Allon ƙarfen da aka kafa a gindinsa, mai cewa shugaban ne ya dasa, shi kaɗai ya ci gaba da shara ƙarya.

Ya sha wahalar bishiyar nan, Allah ne shaida. In famfo ya ɗauke, a keke yake jigilar ruwa daga gida. Ya yi faɗa da awaki, ya yi da masu awakin. 'Ya'yansa har tsokanarsa suke yi, wai mangwaro ne ɗan fari, su ƙannensa ne.

Sai aka yi zaɓe a babbar ƙasar, shugaban nan ya sha ƙasa. Wanda ya hau ko sunansa ba ya son ji. Zo ka ga rawar jiki! Ƙasar da ke gabas da mu ta aika taya murna tun ba a gama ƙirga ƙuri'u ba. Ta kudu ta canza wa gadar da ta sa wa sunan tsohon shugaban suna. Akwai wadda ta yi fushi ta kira jakadanta gida, da wuta ta fara ɗaukewa ta mayar da shi da sassarfa. Namu kuwa suka ji sabon jakada zai bi ta shataletale ranar isowarsa, suka rasa abin yi sai bishiya.

Ana saura kwana kaɗan, wani jami'in hukuma ya iso da safe, shi da mai injin yanka itace.

"Baba, kwashe kayanka, sare ta za a yi. Umarni ne daga sama."

"Yallaɓai, ku cire allon mana. Ka san ba shi ya dasa wannan ba."

"Na sani. Amma duniya ta san ta da sunansa. In jakada ya gan ta fa?"

Na tsallako titi ko rumfa ban rufe ba. Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce wa jami'in, "Ashe mangwaro ma ƙuri'a ya jefa?" Ya yi kamar bai ji ni ba.

Yaya ya nufi gindin bishiyar. Ya ajiye bokiti, ya tuɓe takalmi, ya kama reshe. Mutumin da gwiwa ke hana shi tsugunno, sai ga shi can sama ya harɗe ƙafa.

"Yaya, ka sauko don Allah, kada ka karye!"

"Ke tafi ki kula da lemonki."

Jami'in ya ɗaga kai ya ce, "Baba, ritayarka ta kusa. In ba ka sauko ba, ba aiki, ba fansho. Ka yi tunani."

"Na gama tunani tun ina ƙasa, yallaɓai. Su can sun canza shugabansu, Allah ya ba su alheri. Mu me muka canza?"

Mai injin ya kashe injinsa, ya ce wallahi ba zai sare itace da mutum a kai ba, ko nawa za a ba shi. 'Yan tasi suka fara tsayawa, masu talla suka kewaye wurin. A nan Yaya ya tare. Da igiya muke tura masa abinci, in ya sauko biyan buƙata direbobi su zagaye gindin bishiyar har ya koma.

Da lokaci ya ƙure musu, sai suka tumɓuke allon, suka kafa wani ƙaton ƙyalle mai hoton sabon shugaban, ya tare bishiyar daga ɓangaren titi. Abin dariya, abin haushi.

Ranar ta zo. Jiniya, babura, baƙaƙen motoci, gilashi a rufe ruf. Kafin in ajiye kwalbar da ke hannuna sun wuce. Wani ɗan sanda ya ce mini jakadan waya yake latsawa, ko kai bai ɗaga ba.

Bishiya ta tsira. Yaya kuwa an sallame shi, kamar yadda aka yi masa alkawari, kuma ba wanda ya dawo da maganar fansho. Da ya shigo rumfata bayan ya miƙa rigar aiki, kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Duk shekarun nan sun tafi a banza saboda mutumin da bai ko dube ku ba!"

Ya zauna a benci yana matsa gwiwarsa, idonsa a tsallaken titi.

"Share hawayenki, ƙanwata. Aro mini tsani wajen mai faci. Reshen can ya kusa taɓa wayar wuta, in na bari sun sami hujja."