Durƙusau, Motata Mai Kuka

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan labarin nan ni ne. Na zauna na auna kowa da ke cikinsa, ban ga wanda rigar ta yi wa daidai ba sai ni.

Abin ya faru da kaka, shekarar da na cika goma sha ɗaya, wadda kuma ita ce shekarar da lakol, wato makarantar boko, ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita, muka rabu lafiya ina aji uku. Ran nan Baba ya yi sammako da ni daga ƙauyenmu na bayan Gangara zuwa Agiye, don in riƙe masa jaki shi kuma ya sayar da gyaɗa. Ina tsaye bakin hanya da igiya a hannu sai ga wata baƙar mota ta tsaya gaban buron kumandan, ofishin mai mulkin yankin. Direba ya kashe ta ya fita. Ina kallo da idona, motar nan ta yi ajiyar zuciya, ta yi ƙasa sannu a hankali har cikinta ya kusa taɓa rairayi, kamar raƙumi in an ce masa ya durƙusa. Tayoyinta na baya suka shige jikinta, rabinsu kaɗai ake gani. Na saki baki, na saki igiya. A bakin kasuwa aka tsinto jakin yana cin harawar mutane. Na sha dundu biyu, amma ban ji su ba, hankalina yana wajen motar.

A zamanin nan kowane yaro a ƙauyenmu yana da mota. In an yanke gero an kai dammuna rumbu, abin da ya rage mana shi ne korar tsuntsaye daga dawa da sassafe, kai awaki kiwo cikin karan gona, da janyo ruwa mu cika wa Inna randuna. Da la'asar sai mu taru gindin wata tsamiya bayan masallaci, wurin da muke kira tasha. Ƙananan yara na zuwa da motocin kara waɗanda aka soke da ƙaya, in iska ta kaɗa sai a bi su da gudu. Mu manya namu na gwangwani ne da waya, da tayoyin sakaina, da dogon kara mai zoben waya a kai wanda ake tuƙi da shi. Sarkin tasha shi ne Illo, ɗan maƙerin gari. Ya girme mu da shekara biyu, motarsa doguwa ce kamar amalanke, har da fitilu biyu na murfin kwalba waɗanda yake gogewa da toka kullum. Ba wanda ya taɓa riƙe sitiyarinta sai shi.

Mako uku na yi ina ƙera tawa a bayan rumbu. Gwangwanin mai na roƙo wajen kawuna mai tebur, na yanka shi da tsohuwar wuƙar Baba, har yau tabon yana nan a babban yatsana. Da na zo kan tayoyi sai na yi tunani irin na wanda ya ɗan zauna a benci: ƙafar raƙumi faɗi gare ta, shi ya sa ba ta nutsewa cikin rairayi. Don haka maimakon sakaina ɗaya, uku-uku na haɗa, na manne su da ƙaro, na naɗe kowace da robar cikin tayar keke. Sannan na sauke jikin motar ƙasa sosai bisa wayar da ke riƙe da tayoyin, na lanƙwasa gwangwani ya rufe saman kowace taya, na kuma naɗe bakinsa ciki don kada ya yanke ni. Na sa mata suna Durƙusau.

Ranar da na fito da ita tasha, wasa ya tsaya. Tana tafe cikinta na shafar ƙasa, tayoyi sun cika jikinta tam, ga wani sauti yana fita daga ƙarƙashinta: ƙiii, ƙiii, ƙiii. Motocin sauran duk bebaye ne, mai mota shi ke yin kukan inji da bakinsa har yawu ya ƙare masa. Tawa kuwa da kanta take kuka. Aka tambaye ni mene ne wannan, na ɗaga kai na ce, "Inji ne. A lakol aka koya muna." Mushe, malaminmu, bai taɓa koya mana wani abu mai kama da haka ba, amma cikin masu tambayar ba wanda ya taɓa shiga aji.

Illo ya matso. Ya durƙusa ya kara kunnensa kusa da tayar baya, ya ce in tura, na tura. Ya tashi yana murmushi, ya kakkaɓe gwiwa, ya kawo shawara gaban kowa: ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, a ɗora wa Durƙusau goruba shida, ta je rijiyar bakin gari ta dawo da ƙafafunta huɗu. In ta dawo, fitilunsa sun zama nawa. In ta tsaya a hanya, motar ta zama tasa. Na miƙa masa hannu tun bai rufe baki ba. Ɗan maƙeri ne, a cikin ƙarar ƙarfe ya tashi. Ya san abin da ya ji. Ni ne ban sani ba.

Da na koma gida na gwada ta da goruba shida a tsakar gida. Nauyi ya danne ta, kukan ya koma ihu, ban yi taku ashirin ba na ga baƙin gari-gari yana zuba bayanta. Robar tayoyin baya ce ke ɓarewa. Sai na tuna direbobin Agiye suna zuba wa mota mai in ta yi ƙara, na lallaɓa ɗakin Inna na tsiyayo man gyaɗa na miya, na shafe tayoyin nan har suna ƙyalli. Mai ya kwashi rairayi, rairayi ya zama kamar magagari, da safe kuma na tarar tururuwar unguwa duk sun zo biki cikin motata. Na ɗebo ruwa na wanke ta, ruwa ya narkar da ƙaro, taya ɗaya ta rabu uku. Na zauna na ƙirga sakainun da Faransanci, an, do, turwa, ko ilimi zai yi wani abu. Bai yi ba.

Duk wannan a gaban yayata Hajo ake yinsa. Ta girme ni da shekara uku, ba ta taɓa taka ƙofar lakol ba, aikinta daka da surfe da kai fura gona. Tana daka ta ce, ba ta ko kalle ni ba, "Tanko, motar nan taka ba kuka take ba, cizon kanta take yi." Na ce mata maganar mota ba ta mata ba ce. Ta ci gaba da dakanta. Sai da Alhamis ta yi, na sake manne tayar, na sake gwadawa, ihun na nan yadda yake, sannan na je na tsaya kusa da turmi ina ta sosa ƙeya har ta gaji da ganina.

Ta jingina taɓarya, ta je murhu ta lakato baƙin tukunya da yatsa, ta shafe tayoyin baya. Ta ce in ɗora gorubar in tura. Sannan ta kifa motar ta nuna mini cikin murfin tayoyin: ga baƙi nan ya kwanta a wuri ɗaya tak, daidai bakin gwangwanin da na naɗe ciki da hannuna. Ta ce haka Baba ke yi in zai sa wa fartanya sabuwar ƙota, ya shafa wa ƙarfen baƙi ya zura, inda ya taɓa itace nan zai sassaƙe. Ni ma na sha ganinsa yana yi, amma ni kallon fartanya nake. Ta ɗauko maburgin miya, ta cusa sandarsa tsakanin taya da gwangwani, ta riƙa murza shi gaba da baya a hankali, har bakin nan ya kwanta lumui ya ɗan buɗe waje. Daga nan ta yanko guntun fata daga tsohon takalmi ta sa tsakanin waya da jikin motar, ta ɗaga ta kamar kaurin ƙwayar gyaɗa. Nan na yi tsalle na ce ta ɓata mini suna, Durƙusau ba ta tashi. Ta ce, "Raƙumin da kake kwaikwayo, a durƙushe ka taɓa ganin ya yi tahiya?"

Ranar Juma'a yaran gari duka suka bi mu. Durƙusau ta ɗauki gorubarta shida ta kama hanyar rijiya shiru, ba ƙiii ba ƙaa, har sai da na koma yin kukan inji da bakina kamar kowa. Inda rairayi ya yi zurfi faɗin tayoyin ya yi aikinsa, ta bi ta sama ta wuce. Muka kewaya rijiya, mata na ta dariya, muka dawo gindin tsamiya da ƙafafu huɗu. Illo ya cire fitilunsa da kansa ya ba ni. Ya kifa motar, ya ga baƙin tukunya, ya shafa bakin gwangwanin da yatsa, ya tambaya wa ya yi wannan aiki. Daidai lokacin Yaya Hajo na wucewa da tulu a ka. Na ce, "Ni mana." Ta ji. Ko juyowa ba ta yi ba, ruwan tulunta ma bai motsa ba.

Fiye da shekara hamsin ke nan ina riƙe da wannan "ni mana". Tsamiyar tana nan, amma ba tasha a gindinta. Yaran yanzu motarsu ta roba ce daga kasuwa, ko kuma tana cikin waya suna tuƙa ta da babban yatsa. Illo ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Wani lokaci da la'asar in na wuce wurin, kunnena kan nemi ƙarar gwangwani bisa rairayi, sai in ji kukan babur.

Bana bayan girbi, jikana Basiru, wanda ke aiki a Maraɗi, ya zo gaishe mu da motarsa. Ya sa an sauke ta ƙasa, an sa mata tayoyi masu faɗi kamar turame, wai haka samari ke yayi. Bisa gudron, wato kwalta, lafiya lau, amma da ya sauka hanyarmu da mutum biyar a ciki, tun daga bakin gari na jiyo ta: ƙiii, ƙiii, ƙiii. Na miƙe da sandata na tare shi don daɗi. Ya fito yana duba gefen tayar baya inda ƙarfe ya fara yanka ta, ya ce, "Tsoho, ban san ko za ta mai da ni gida ba." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, yau ya faɗo hannun masana.

Na sa aka kawo baƙin tukunya, aka shafa, mutane suka shiga, aka tura, muka leƙa muka ga inda take cizo. Na ce a bar ta cikin rana har ƙarfen ya yi zafi don kada fenti ya tsage. Na aika gidan Yaya Hajo, wadda yanzu katanga ɗaya ke tsakaninmu, a aro taɓaryarta. Ba ta yarda ta ba da ita haka nan ba, sai ta biyo ta da kwaryar gyaɗarta ta zauna a inuwa tana ɓara. Aka cusa taɓarya tsakanin taya da ƙarfe, samari na tura motar gaba da baya sannu-sannu, ni ina tsaye da sanda ina ba da umarni, har bakin ƙarfen ya kwanta. Na ce wa Basiru in ya isa Agiye ya sa bakanike ya ɗan ɗaga bayanta, don ba a taɓa ganin raƙumi ya yi tafiya a durƙushe ba. Ya zagaya gari da mutum biyar ya dawo, shiru kake ji.

Jama'a suka taru ana ta sa mini albarka. Na gyara hula, na yi gyaran murya, na ce wannan dabara tun ina ɗan shekara goma sha ɗaya na ƙago ta, kuma duk wanda ya ce lakol ba ta da amfani ya zo ya gani.

Yaya Hajo ba ta ɗaga kai daga kwaryarta ba. Ta ce, "Ƙwarai, Tanko. Ni dai abin da na san ka ƙago shi ne shafa ma mota man miya. Ku miƙo min taɓaryata, tun bai ce shi ya sassaƙa ta ba."