Ranar da Inji Ya Mutu Mana a Ruwan Birmingham

Lokacin ina shekara ta biyu a karatun digiri na uku a Manchester, muna zaune a unguwar Rusholme ni da maiɗakina, cikinta ya shiga wata tara. Likita ta ce da sauran mako biyu, shi ya sa na yarda na je Birmingham wata Asabar gaida wani dattijo mutumin Ghana da ya riƙe ni farkon zuwana ƙasar. A unguwar Ladywood yake. A bakin tafki ya tashi can gida, don haka da ya yi ritaya daga tuƙin bas sai ya sayi ɗan ƙaramin kwalekwale mai inji a baya.

Bayan azahar ya ce sai ya zaga da ni cikin kanal, wato hanyar ruwan nan da aka haƙa ta ratsa gari. Mun yi nisa, mun shiga wani wuri da bangon tsofaffin masana'antu ya tokare hagu da dama, sai wayata ta yi ƙara. Maƙwabciyarmu ce. Ta ce naƙuda ta kama maiɗakina, sun kira tasi.

"Baba, mu juya," na ce.

Ya juya. Ko minti biyu ba mu yi ba injin ya yi tari, ya mutu. Ya ja igiyar tayar da injin sau biyar, shiru. Babu filafili a jirgin, ni kuma ban iya iyo ba.

"Mai ne ba ya zuwa," in ji shi.

Ya jijjiga tanki, da fetur. Ya bi tiyo da yatsa yana neman inda ya lanƙwashe ko ya tsage, bai samu ba. Ya cire filta, wato matatar mai, ya ɗaga ta sama yana dubawa kamar mai zaɓen tumatir, ni kuwa idona na kan agogo, ina lissafin jirgin ƙasa na ƙarfe huɗu. Na kira maƙwabciyar, ba ta ɗauka ba. Na sake kira.

Akwai wata 'yar roba mai kama da ƙwai a tsakiyar tiyon, wadda ake matsawa ta jawo mai. Ya matsa ta, ta lotsa, ta ƙi dawowa. Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya kalli murfin tanki.

"Malam, ka taɓa nan?"

Sai a lokacin na tuna. Warin fetur ya dame ni muna tashi, na ga wani ɗan noti a kan murfin a kwance, na ɗaure shi tamau.

"Ta nan tankin yake shan iska," ya ce. Yana kwance notin sai tankin ya yi wani huci, robar ta cika. Ja biyu injin ya tashi.

Jirgin ƙarfe huɗu ya wuce ni, na hau na biyar. Mun kusa Stockport, daf da Manchester, maƙwabciyar ta kira ta ce an samu mace, uwa da 'ya lafiya. Na zauna da wayar a hannu ina ta ce mata "to, to". Da na isa asibiti, maiɗakina ta ce warin fetur nake yi, in je in wanke hannu tukuna kafin in ɗauki yarinyar.