Malam Nasiruddeen, Wanda Ya Ɗaure Mini Hannu Mai Lafiya

Da hantsin Talata, 14 ga Janairu, 2025, ina gyaran rumbu a garinmu Dabai, ɗana Joel ya kira ni daga Zuru ya ce Allah Ya yi wa Malam Nasiruddeen rasuwa. Malam Nasiru, likitan motsa gaɓɓai, wanda rabin tsofaffin ƙasar Zuru suka taɓa zagi a ransu kafin su dawo suna sa masa albarka. Ni ma, Mika, tsohon soja, ina cikinsu.

Malam, ka san yadda aka kawo ni wurinka. Shanyewar ɓarin jiki ta kayar da ni, hannun dama ya koma kamar ba nawa ba. Ni da na yi kokawa a bikin Uhola, na ɗauki bindiga shekara da shekaru, sai ga matata Gladys tana ba ni tuwo a baki. 'Yan'uwa suka yi abin da muka sani ana yi wa ɗan kokawa in ya gurɗe: gashi da ruwan zafi, murza, sai a rataye hannun a bar shi ya huta. Kullum yana ƙara ramewa. Abin da na fi tsoro shi ne in mutu ana ciyar da ni.

Da ka duba ni, ka matsa damtsen, ka ce, "Saje, sojojinka suna nan, oda ce ba ta zuwa." Ka bayyana mini cewa tsoka ba ta motsi don kanta. Saƙo ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, ya bi laka, ya bi jijiya, sannan tsokar ta tsuke ta ja ƙashi. Ja kawai ta iya, shi ya sa wata ke lanƙwasa gwiwar hannu, wata ta miƙar da ita. Ciwon nawa a ɓangaren hagu na kai yake, kuma ƙwaƙwalwa tana iya neman wata hanya in an dame ta da nema. Hutun da muke ba hannun ne ke cinye shi.

Da yatsuna suka fara ɗan motsi, sai ka yi abin da ya sa Gladys ta daina gaishe ka. Da ka zo gidanmu, ka sa aka naɗe mini hannun hagu, mai lafiyar, da zane, aka ajiye mini faifai da dawa, wai in tsince da na dama. Ta ce, "Likita, wannan ai mugunta ce. Mutum da hannu ɗaya, ka ɗaure shi?" Ka ce, "Maman Joel, in kina son mijinki, ki daina ba shi a baki." Ta fita tsakar gida ta yi kuka. Ni kuwa na zage ka da yarenmu na C'lela, ina zaton ba ka ji. Ashe kana ji sarai, ka ce in ƙara, zagin ma motsa tsokar baki ne.

Na zubar da dawa har kajin gidanmu suka san ranar zuwanka. Ba ka taɓa gajiya ba. Kakan hau tsohon babur ɗinka har Dabai a ranar hutunka, ka zauna ka kalle ni ina fama, hannayenka a baya don kada tausayi ya sa ka taimaka. Ranar da na kai lomar farko bakina, miya har gemu, Gladys ce ta fara kiranka a waya. Na gode, Malam. Ka mayar mini da mutuncina.

Ranar rasuwarka, na iso Zuru ana shirin fita da gawarka. Ni Kirista ne, na tsaya gefe har aka idar da salla. Da aka ɗaga makara, ƙaninka Abdulrashid ya hange ni, ya matsa ya ba ni wuri. Na kama da dama. Kowace tsoka ta amsa, kuma ban sake ka ba sai da muka kai maƙabarta.

Allah Ya jiƙanka, Malam Nasiru, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Malama Khairat da yara, da Abdulrashid, da marasa lafiyar da ka bari ba su gama tsintar dawarsu ba. Allah Ya ba su haƙuri, Ya aiko musu da wani mai taurin zuciya irin taka.