Ankwar Massaoudou

Massaoudou ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke bi na. Ke Rabiatou ba ki san shi da ƙarfinsa ba, kin san shi tsoho da carbi a ƙofar gida. To a lokacin da nake ba ki labari, mutum ne wanda in ya riƙe ƙahon sa, sai san ya durƙusa. A kara ya tashi, cikin shanu, don babanmu mahauci ne a unguwar Ladjifarani. Tun yana ƙarami aikinsa ke nan, jefa igiya, kayar da sa, ɗaure ƙafa. Kuma babanmu ya koya masa cewa in ka ɗaure dabba tana fizga, kada ka tsaya kallonta, ka tafi ka sha ruwa, kafin ka dawo ta yi laushi.

Sai soja suka karɓi ƙasa, aka ce an yi rebolisiyo, wato juyin juya hali. Kowa ya koma kamarad. Mai goro kamarad, direba kamarad, ni ma da nake tuƙa tuwo kamarad. Massaoudou ya ga samari na yawo da kaki, sai warin jini ya ishe shi. Dalagen unguwarmu, wato wakilin gwamnati a unguwa, ya sama masa gadi a wata mangaza, wato babban ɗakin ajiyar hatsi, kusa da gar ɗin Parakou, inda jirgin ƙasa ke sauke kaya manyan motoci su kwasa. Ni kuma a bakin wannan mangaza nake sayar da abinci, shi ya sa duk abin nan a idona aka yi shi.

Aka ce za a ba masu gadin horo. Fili aka dinga kai su da safe, an sassaƙa musu itace kamar bindiga, su taka hagu su taka dama, su ɗaga hannu su yi ihu da Faransanci. Yakan dawo murya a dushe. Na tambaye shi me suka koya, ya ce sun koyi gane maƙiyin ƙasa. Na ce to in kun gane shi fa? Ya ce wannan ba a zo wurin ba tukuna. Har aka sallame su ba a zo wurin ba.

Akwai wani tsoho mai cin tuwona, Baba Tambaya, ya yi jandarma tun zamanin Nasara. Shi ya aike ni in ce wa ƙanena ya zo ya nuna masa yadda ake kama mutum ba tare da an nakasa shi ba. Na kai saƙo. Massaoudou ya ce shi ba ya zama gaban tsohon karen Nasara.

"Yaya, ni da na kayar da bijimi, wani ne zai koya mini ɗaure mai ƙafa biyu?"

Mangaza kulki da usur kawai ta ba su. Shi kuwa ankwa yake so ta rinƙa lilo a ƙugunsa. Wani Labbo mai sayar da kwaɗo da sarƙa, wanda ke shigo da kaya daga Nijeriya, ya samo masa guda biyu ya ce ya zaɓa. Ɗaya tana da wani ɗan tsinke, in ka danna shi sai ƙarfen ya tsaya inda ka bar shi. Ɗayar ba ta da shi. Kin san abin da ƙanena ya yi? Ya kwashe su ya tafi kara, ya sa aka riƙe masa maraƙi. Ya maƙala ta farko a ƙafar gaba, maraƙi ya fizga, ƙarfe bai motsa ba, ƙafa na juyawa a ciki. Ya ce wannan raguwa ce. Ya maƙala ta biyu. Duk fizgar da maraƙi ya yi sai ka ji ƙaras, ta ƙara shiga, har maraƙin ya durƙusa yana kuka. Mahauta suna ta tafi. Ya ce wannan ita ce mai amana, ita ce ba ta ba ka kunya.

Baba Tambaya ya gan ta a ƙugunsa. Ya ce mini in gaya masa ko ba komai ya bar wurin yatsa ɗaya tsakanin ƙarfe da hannu. Na gaya masa. Ya ce ɓarawo ba surukinsa ba ne.

Ta daɗe tana lilo ba ta sami hannu ba. Har 'yan dako suka fara yi masa ba'a, suna ce masa ko awarwaro ya saya wa budurwa. Yana dariya, amma ni na san shi, ba dariya ba ce.

Cikin 'yan dakon nan akwai Inoussa, mutumin Sérou ne, can ƙasar Djougou. Manomi ne, rani kawai ke kawo shi Parakou, da hadari ya fara haɗuwa ya koma gona. Hausarsa a karye take, amma ba ya rasa abin da zai sa mu dariya. Yaya Hadjo yake ce mini. To a gar, tun kafin a haife mu, in buhu ya fashe, abin da ya zube ƙasa na ɗan dako ne. Ba wanda ya taɓa kiransa sata. Amma an kawo sabon shugaban mangaza, ya ce daga yanzu ƙwayar da ta faɗi ma ta jama'a ce, wanda ya ɗauka ya yi wa ƙasa zagon ƙasa. 'Yan dako sun ji, sun ɗauka magana ce irin ta taro.

Ran wata Juma'a da hantsi buhun masara ya fashe. Inoussa ya tsuguna ya tara a hularsa. Massaoudou ya zo ya tsaya a kansa. Ya kama hannunsa na dama ya maƙala masa ankwa, ya ja shi zuwa ƙarfen tagar mangaza, ya maƙala ɗaya ɓangaren can sama, inda rana ke duka. Inoussa na dariya, ya ɗauka wasa ne.

"Kamarad, masarar hula ce fa."

Ya ɗan ja hannu. Ƙaras. Ya daina dariya, ya sake ja da ƙarfi. Ƙaras, ƙaras. 'Yan uwansa suna ce masa ya tsaya cak, amma wa zai tsaya cak ƙarfe na cin namansa? Shi kuwa ƙanena ya ɗauki buta ya yi alwala a gabansa, a natse, ya jefa makulli a aljihu. Na bar tukunya na riƙe masa riga, na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da nonon da muka sha.

"Yaya, sake ni in tafi masallaci. Kafin in dawo ya yi laushi."

Ya tafi. Mutane cike da wurin, ƙarti, kowa da ƙarfinsa, ba wanda ya taɓa ƙarfen nan. Wanda ya taɓa, gobe sunansa na bakin dalage. Wasu direbobi ma har suna tsokanarsa, wai ya miƙo ɗayan hannun su gaisa. Ni ruwa kawai na iya, ina zuba wa ƙarfen don ya huce, ina ba shi yana sha. Hannu ya kumbura, ya yi baƙi, yatsu suka yi kamar rogo. Ya yi kuka da yarensu, ya kira uwarsa, ya yi fitsari a wando. Can sai ya daina kuka. Ya dube ni da sauƙi a fuskarsa ya ce, "Yaya Hadjo, ya daina ciwo." Baba Tambaya na zaune a bencina, da ya ji haka sai ya ajiye kwanonsa ya tashi ya tafi.

Massaoudou bai dawo daga masallaci kai tsaye ba, sai da ya biya kara ya ci nama da abokansa. Da ya zo, ramin makullin ya nutse cikin kumburi, don ta ciki ya juya shi lokacin da ya maƙala. Ya dinga tura nama da babban yatsa yana lalube. Ya samu, ya murɗa da ƙarfin da yake murɗa wuyan sa, makulli ya karye a ciki. Sai maƙeri aka kira. Da kurfi da guduma ya sare ankwar, kowane bugu Inoussa ya zabura, har ya suma. A amalanken dako aka tura shi gidan likita. Sun yi iyakar yinsu, hannu ya riga ya mutu, ya fara wari. Daga wuyan hannu suka yanke.

Ƙanena kuwa guntayen ƙarfen ya tsince, yana zagin maƙeri wai ya ɓata masa kaya. A taron unguwa dalage ya sa ya miƙe tsaye, aka tafa masa, aka ce haka ake son mai gadi. Ya koma wurin Labbo ya sa aka kawo masa wata, irin waccan sak. Ya yi gadinsa har aka rufe mangazar. Ba a ƙara tsintar ƙwayar masara ba a gar muddin yana nan, har kaji sun fi 'yan dako 'yanci.

Bayan shekaru biki ya kai ni Djougou, daga nan muka bi jar hanya zuwa Sérou gidan dangin ango. A nan na ga Inoussa. Ya rame, furfura ta fito. Gonarsa ƙannensa ke nomawa, shi aikinsa korar tsuntsaye daga dawa. Da aka kawo abinci maza suka kewaye akushi, shi sai aka ɗiba masa a wata 'yar ƙwarya aka ajiye gefe, don ba mai haɗa kwano da mai ci da hagu. Ya gane ni. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, sannan ya ce ina kamarad, yana nan lafiya? Na ce yana nan lafiya.

Ya ce madalla. Ya ja ƙwaryarsa, ya juya fuska ga bango don kada baƙi su gani, ya fara ci.