Mahucin Inna ashe hoton kan Baba ne

Jama'a, yau mahucin Inna ya hana a sake sa Baba cikin sikana!

Kun san ciwon kan nan da ke damun shi. Da sahe munka kai shi gidan likita nan Malanville. Likita ya ɗauko biro zai rubuta muna takardar sikana, na'urar nan mai ɗaukar hoton cikin jiki, mu tahi Parakou inda take. Ya ce: "Alhaji, an taɓa sa ka cikin na'urar?"

Baba ya ce: "A'a."

Ana zahi, Inna na gehe tana yi mishi hihita da wata baƙar leda mai kauri. Likita ya ce: "Hajiya, miƙo abin nan." Ya ɗaga ta wajen taga. Ƙoƙon kan mutum ne, layi-layi!

Inna ta ce: "Nashi ne. Akwai biyu gida, da su nike hura wuta."

Ashe in Baba ya kai albasa Najeriya, sai ya biya asibitin kuɗi ya shiga sikana. Sau ukku tun sallar layya. Wai in ya hito yana jin sauƙi. Ya ce a'a ne don kar a hana shi ta huɗu.

Likita ya aje biro. "Alhaji, hoto ne, ba magani ba. Hasken da ke ratsa ka yana da illa in ya yi yawa. Ba a shiga sai da dalili."

Ya duba hoton, kai lahiya lau. Ya auna shi, hawan jini ne. Alhamdulillahi, ƙwaya kawai anka rubuta.

Mun kai bakin ƙoha, Inna ta juya: "Likita, in ka gama, ba ni mahucina."